Gidajen Lof a Unguwar SoHo ta Birnin Niyok

A kudancin tsibirin Manhattan, cikin birnin Niyok na ƙasar Amurka, akwai wata tsohuwar unguwa da ake kira SoHo. An gajarta sunan ne daga wasu kalmomin Ingilishi masu nufin "kudu da titin Houston". Unguwar ta yi suna saboda wani irin gida da ake ce wa lof. Asalin ma'anar kalmar ita ce ɗakin sama na ajiye kaya. Daga baya ta koma tana nufin hawa guda na tsohuwar masana'anta ko sito da aka mayar wurin zama.

Wanda ya shiga lof zai tarar da fili guda mai faɗi. Babu bangon da ya raba ɗakin kwana da falo ko madafa; galibi banɗaki kaɗai ake killacewa. Rufin yana can sama, tagogin manya-manya ne, daben na katako ne, ginshiƙan ƙarfe da bututun ruwa kuma suna nan a fili.

Duk waɗannan siffofi aiki ne ya kawo su. Yawancin gine-ginen unguwar an yi su ne a ƙarni na 19, domin kantuna da masu ɗinki da ajiyar yadudduka. Ana narka ƙarfe, a zuba shi cikin mazubi, a yi fuskar ginin da shi, don ya fi sassaƙa dutse araha da sauri. Da yake siririn ginshiƙin ƙarfe yana ɗaukar nauyi mai yawa, sai aka sami damar faɗaɗa tagogi. A zamanin da babu lantarki, hasken rana shi ne fitilar ma'aikata. Akwai irin waɗannan gine-gine kimanin 250 a birnin, mafi yawansu a SoHo. A ɗaya daga cikinsu, ginin Haughwout, aka kafa na'urar Otis ta farko mai ɗaukar mutane zuwa saman bene, a 1857.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antu suka riƙa ƙaura zuwa bayan gari, inda fili ya fi yawa kuma manyan motoci suke iya juyawa. Aka bar masu cinikin tsumma da tsofaffin takardu. Gobara ta yawaita, har 'yan kwana-kwana suka laƙaba wa yankin suna "eka ɗari ta Jahannama". Robert Moses, babban jami'in ayyukan birnin, ya nemi a rushe wani sashe na unguwar don a shimfiɗa babbar hanyar mota. Rahoton da Chester Rapkin ya fitar a 1963 ya nuna cewa talakawa da dama suna ci gaba da samun abinci a ƙananan masana'antun wurin. Marubuciya Jane Jacobs da mazauna yankin suka tashi tsaye, aka soke shirin a 1969.

A cikin waɗannan shekaru ne masu zane da masu sassaƙa suka fara shigowa. Suna bukatar fili da haske, ga haya da araha. Sai dai doka ta keɓe unguwar don sana'a, ba ta yarda a kwana a cikinta ba. Saboda haka wasu sukan rufe tagogi da dare don kada a ga fitila. Da hannunsu suka ja ruwa, suka gyara wuta. A 1967 George Maciunas ya fara haɗa masu zane su yi karo-karo su sayi bene guda, kowa ya ɗauki hawansa. A 1968 Donald Judd ya sayi bene mai hawa biyar a lamba 101, titin Spring, a kan dala 68,000.

Sannu a hankali doka ta biyo bayan abin da mutane suka riga suka yi. A 1971 aka halatta wa masu zane waɗanda hukumar birni ta tantance su zauna inda suke aiki. A 1973 aka sanya unguwar cikin wuraren tarihi, ba a rushe gini ko sauya fuskarsa sai da izini. A 1982 jihar Niyok ta kafa dokar da ta kare 'yan hayar lof, ta kuma tilasta wa masu gidaje su gyara su.

Amma da unguwar ta gyaru, sai idon masu kuɗi ya kai kanta. Mujallu suka riƙa buga hotunan lof, abin da aka shiga don dole ya zama abin yayi. Haya ta tashi. Ƙananan masana'antu ne suka fara fita, sannan masu zanen da ba su mallaki wurinsu ba. A shekarun 1990 gidajen baje zane da yawa suka koma unguwar Chelsea, manyan kantunan tufafi suka maye gurbinsu. Masaniyar zamantakewa Sharon Zukin ta yi nazarin wannan sauyi tun 1982. Hausawa kan ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A Disamba 2021 majalisar birnin ta amince da sabon tsarin da ya ba da damar gina ƙarin gidaje a yankin, a ware wani kaso ga masu ƙaramin ƙarfi. Masu goyon baya suka ce hakan zai buɗe wa talaka ƙofa, masu adawa kuwa suka ce dogayen benaye za su danne tsofaffin gine-gine. Gidan Judd dai an gyara shi, an buɗe wa masu ziyara a 2013, su ga yadda aka yi zama da aiki a wuri guda.

Tambayoyi

1. Me ya sa tagogin lof suke da girma?
2. Su wa suka fara barin SoHo da haya ta tashi?
3. A bayyana ma'anar karin maganar da ke cikin wannan darasi.