Waya Za Ta Iya Koya Maka Hausa? Bayani a Kan Kibod, Ƙamus da Manhajojin Fassara



A zangon karatun da ya wuce na ba 'yan aji biyu na babbar sakandare aikin gida, na ce kowa ya fassara wani gajeren sakin layi daga Turanci zuwa Hausa. Labarin wata uwa ce da take yi wa 'yarta faɗa. Da na zo dubawa sai na tarar da takardu da dama ɗauke da jimla iri ɗaya sak, uwar tana ce wa 'yarta: "Ina ka je? Me ya sa ba ka gaya mini ba?" Yaran nan fa Hausawa ne, da Hausa suka buɗe baki, babu wanda a cikinsu zai dubi ƙanwarsa ya ce mata "ina ka je". Ban ma tambaya ba, na san wata manhajar fassara ce ta yi aikin, su kuma suka kwafe ko karantawa ba su yi ba.

Ban hana su amfani da waya ba, don ni ma da ita nake shirya rabin darussana. Abin da na yi shi ne na zaunar da su na yi musu bayanin abin da kowace manhaja ta iya da wanda ba ta iya ba. Shi ne na ga ya dace in kawo muku shi yau.

Mu fara da kibod, wato allon da muke danna haruffa a kansa. Hausa tana da baƙaƙe masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, sai kuma 'y, wanda 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa da ƙugiya, wato ƴ. Kowannensu sauti ne mai zaman kansa, kuma yana sauya ma'ana. Kafa daban, ƙafa daban. Kara na dawa ne, ƙara kuwa ko dai ta kotu ko ta bindiga. Baki na cin abinci ne, baƙi kuma launi. A da muna da uzuri, wayoyin ba su da waɗannan haruffa. Yanzu uzurin ya ƙare. In kana da Gboard, shiga saitinsa, nemi wurin harsuna, ka ƙara Hausa. Daga nan in ka danna k ka riƙe sai ƙ ta fito, haka d da b. Manhajar SwiftKey ita ma tana da Hausa. Aikin minti biyu ne, wallahi.

Amma ga wani tarko. Kibod yana koyon kalmomin da ka saba rubutawa, sannan ya riƙa miƙo maka su. In ka saba rubuta "zasu" a haɗe, ko "shine", ko "ya na" a rabe, to haka zai riƙa kawo maka, kai kuma ka ɗauka waya ce ta tabbatar maka da daidai. Alhali kuskurenka ne ya dawo maka. Ƙa'ida ita ce za su, shi ne, yana. Haka nan akan da a kan: "akan ci tuwo da dare" lokaci ne sabau, a haɗe ake rubuta shi, amma "a kan tabarma" wuri ake nufi, a rabe yake. Kibod ba ya rarrabe maka waɗannan, sai kai da ka san ƙa'idar.

Masu rubutu a kwamfuta kuma, musamman ɗaliban da suke haɗa kundin kammala karatu, ga dabara. Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode. Lambar ƙ ita ce 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ 0253, ta ƴ kuma 01B4. Manyansu: Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181. A cikin Microsoft Word, in ka rubuta lambar sai ka danna Alt da X tare, nan take ta rikiɗe ta zama harafin. Sai dai a tsakiyar kalma irin su baƙo, Word yakan haɗa b da a ɗin cikin lambar ya rikice, don haka ka fara da U+, wato U+0199. Wanda yake rubutu mai yawa gara ya saka kibod ɗin Hausa na Windows ko manhajar Keyman ya huta. Na san wasu za su ce ai akwai fon ɗin Rabi'at da Abdalla. Gaskiya sun yi wa Hausa hidima a zamaninsu, amma su sun ɗora masu ƙugiyar ne a kan maɓallan baka-biyu da makamantansu. Shi ya sa in ka buɗe takardar a na'urar da ba ta da fon ɗin sai ka ga }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya. Harafin Unicode kuwa duk inda ka tura shi yana nan a yadda yake, matuƙar fon ɗin yana da shi.

Sai ƙamus. Wanda na fi komawa gare shi a intanet shi ne na G. P. Bargery, wanda aka buga a 1934, mai kimanin kalmomi 39,000. An sa shi a intanet, ana bincika shi kyauta. Amfaninsa biyu ne da ba kasafai ake samu a ƙananan manhajojin ƙamus ba: yana nuna karin sauti da tsawon wasali, kuma yakan faɗi yankin da ake amfani da kalma, ko Katsina ko Sakkwato ko wani wuri. Sai dai a tuna da shekarunsa. Ba za ka sami sunan kayan zamani a ciki ba, kuma bayaninsa da Turanci ne. Mai son ma'anar Hausa da Hausa ya nemi Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta fitar a 2006. Su kuwa ƙananan manhajojin da suke ba ka kalma ɗaya ta Turanci a gaban kalma ɗaya ta Hausa, ku yi hattara da su. Gwada kowanne da kalmar kai. In ya ba ka ma'ana ɗaya kacal ya yi shiru, alhali akwai kai na jiki, da kai wakilin suna, da kai na kai kaya kasuwa, to ka san iyakar zurfinsa ke nan.

Yanzu mu dawo kan fassara, inda matsalar ɗalibaina ta taso. Google Translate ya saka Hausa a cikin harsunansa a watan Disamba na 2013, tare da Yarabanci da Ibo da Somaliyanci da Zulu, kuma bayansa wasu sun biyo. Yadda irin waɗannan manhajoji suke aiki shi ne, ana loda musu ɗimbin rubuce-rubucen da mutane suka riga suka fassara, su kuma su koyi wace jimla ce ta fi yawan zuwa a madadin wace. Babu wanda ya zaunar da su ya koya musu nahawu. Daga nan za ku fahimci inda suke tuntuɓe.

Na farko, jinsi. Turanci kalma ɗaya yake da ita ga wanda ake magana da shi, ko namiji ne ko mace ko jama'a. Hausa kuwa sai ta ce ka zo, kin zo, kun zo. To in jimlar ba ta nuna wa ake yi wa magana ba, dole na'ura ta yi canki-canka, kuma takan zaɓi wanda ta fi gani a rubuce. Abin da ya mayar da 'yar nan namiji ke nan. Matsalar takan bi har cikin dirka, a sa ne a gurbin ce.

Na biyu, rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, tsawon wasalin farko ne ya raba su. Kuka na hawaye da kuka ta miya karin sauti ne ya raba su. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Ko "ya yi baƙi" da ka sa wa ƙugiyarsa daidai, ana iya nufin fatarsa ta yi duhu, ana iya nufin mutane sun sauka a gidansa. Bahaushe yana warware wannan da kunne da kuma sanin abin da ake magana a kai. Na'ura kuwa kalmomin da ke gefe kawai take dubawa, in jimlar gajera ce sai ta faɗa rami.

Na uku, salon magana. Cin fuska, jan kunne, ɗaurin gindi, shan kai: in aka bi su kalma bayan kalma an yi ɓarna. Waɗanda suka yawaita a labaran jaridu manhajojin sukan dace da su, waɗanda sai a bakin tsofaffi ake ji kuwa sai a hankali. Haka karin harshe. Daidaitacciyar Hausa ce ta fi yawa a rubuce, don haka in Basakkwace ya rubuta "shina zuwa" ko "ɗiyata", bai kamata ya yi mamaki ba in fassarar ta karkace.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Rubutun Hausa a intanet bai kai na manyan harsuna yawa ba, kuma wani kaso mai yawa na wanda ke akwai babu ƙugiya, rabe-raben kalmominsa a hargitse. Daga irin wannan rubutu na'urorin suke koyo. Manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira ma haka suke. Hausarsu takan yi santsi har ka saki jiki, amma ka nemi karin magana goma, sai ka ga wasu na gaske, wasu kuma shirya su aka yi a nan take da kamannin karin magana. Ni yadda nake gwada su shi ne da jam'in da ba ya bin tsarin da aka saba: doki da dawaki, akuya da awaki, tunkiya da tumaki, sa da shanu. In ta wuce wannan sai in ƙara mata da abin da ya fi wuya, kuma duk da haka sai na duba ƙamus kafin in kai wa ɗalibai.

Inda na ga waya ta fi amfani a ajina shi ne saƙon murya. Karin sauti da kunne ake koyonsa, don haka nakan faɗi kalmomi biyu-biyu in tura, ɗalibi ya saurara ya maimaita ya turo mini. Nakan kuma sa su ɗauki muryar kakanninsu, da izininsu, suna ba da tatsuniya, sannan su mayar da ita rubutu bisa ƙa'ida. Masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu kuma su lazimci sauraron sassan Hausa na BBC da DW da RFI, su haɗa da karanta labarin a rubuce. Don haddar sababbin kalmomi akwai Anki, wadda take dawo maka da kalma daidai lokacin da ka kusa manta ta.

Ga aikin gida. Ku saka kibod ɗin Hausa yau, sannan ku gyara waɗannan jimloli da shi:

Dan kanwata yace zasu zo gobe.

Littafin yana akan tebur, shine na dauka.

Yaran su na wasa a kofar daki.

Sai mun haɗu a darasi na gaba, in Allah ya kai mu.