Kwanakin Amarcin Ba'amurke a Balin

Ranar Lahadi ta farko ce ke fara koya wa Ba'amurke hankali a Balin, babban birnin Jamus. Ya tashi da hantsi, ya buɗe firji ya tarar wayam, ya zura takalmi ya sauko titi don ya sayo madara da ƙwai, kamar yadda ya saba a gida inda manyan kantuna ba su san Lahadi ba. Ya isa Aldi, a kulle. Ya ƙarasa Lidl, a kulle. Ba yajin aiki ake yi ba, ba kuma wani babba ne ya rasu ba. Doka ce ta hana buɗe kantuna ran Lahadi, in ban da na manyan tashoshin jirgin ƙasa, da gidajen mai, da masu burodi na 'yan awoyi. Sai ya koma ɗaki yana dariya, ya ɗauki waya ya ba 'yan uwansa labari, kowa na cewa abin gwanin sha'awa.

Irin wannan labarin ne ke isowa wayoyin samarinmu. Ba'amurke ya sauka wani birnin Turai, kwana goma bai cika ba ya fara yabo: gari tsaf, jirgi kan lokaci, rayuwa da sauƙi. Matashi yana zaune a Kano ko Maraɗi yana kallo, zuciyarsa ta yi can. Ban ce mai yabon ƙarya yake yi ba. Abin da idonsa ya gani ya faɗa. Sai dai idon kwana goma ne, kuma a aljihunsa akwai fasfon da ba irin namu ba.

Masana sun daɗe da sanin wannan ɗoki. A 1954 wani masanin al'adu, Kalervo Oberg, ya yi jawabi ga wata ƙungiyar mata a Rio de Janeiro ta ƙasar Brazil kan halin da baƙo ke shiga a ƙasar da ba tasa ba, aka buga bayanin a 1960. Ya ce matakin farko kamar kwanakin amarci ne, komai daɗi, ko laifi ma kyau yake yi. Daga nan sai ƙunci da jin haushin mutanen gari, kafin mutum ya fara farfaɗowa ya saba. Yawancin labaran da muke gani, tun ango bai cire babbar riga ba aka ɗauke su.

Kuma akwai abin yabon. Mutumin da ya taso a garin da ko burodi zai saya sai ya tuƙa mota, ya zo ya ga jirgin ƙarƙashin ƙasa da na sama da bas suna kai shi ko'ina, dole ya yi murna. Kuɗin da aka rubuta a jikin kaya shi zai biya, ba a ƙara masa haraji a wurin biya kamar a Amurka. Ga dona kebab na Turkawa a kowace kusurwa, ga ragowar katangar da ta raba birnin daga 1961 zuwa 1989 yana tsayawa ɗaukar hoto.

A tashar jirgin ne tarkon farko yake. Babu ƙofa, babu shinge, babu mai tambayar tikiti. Ka sauka matakala, ka shige abinka. Baƙo sai ya ɗauka ko an bar abin ne ga imanin mutum. Rannan yana zaune, ƙofa ta rufe, wasu mutum biyu cikin kayan gida su fito da katin shaida su fara bin fasinjoji ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba shi da tikiti, Yuro 60 ne. Wanda ya sayi na takarda amma bai cusa shi a 'yar na'urar da ke buga lokaci ba, shi ma Yuro 60 ne, domin a wurinsu tikitin da ba a buga ba daidai yake da babu. "Ban sani ba, ni baƙo ne" ba ta fitar da kowa. A dokar Jamus hawa ba biya laifi ne da kan kai mutum kotu idan ya maimaita, har akwai waɗanda suka kwana a kurkuku saboda sun kasa biyan tarar. Ga mai neman takardar zama, irin wannan tabo ba ƙaramin abu ba ne.

Amma abin da ke kashe amarci da gaske shi ne gida. Doka ta ce duk wanda ya tare a wani wuri ya je ofishin unguwa cikin kwana 14 ya yi rajistar adireshinsa. Anmeldung suke ce mata, kuma kalma ce da baƙo zai haddace kafin ya iya gaisuwa. Ba a yin ta sai da takardar da mai gida ya sa wa hannu cewa lallai kana zaune a gidansa. Sai an yi ta ake aiko maka da lambar haraji, kuma in babu lambar, wurin aiki zai riƙa yankar albashinka a mataki mafi tsanani. Bankuna da yawa ma sai sun ga takardar. Shi kuwa mai gida, kafin ya ba ka haya, yana son ganin takardun albashi da shaidar Schufa, kamfanin da ke riƙe tarihin bashin mutane. Wanda ya sauka jiya, ina ya ga tarihi? Babu gida sai da takarda, babu takarda sai da gida. Haka baƙo zai yi ta zagaye, yana kwana a ɗakunan wucin gadi masu tsada, wasunsu ma ba a yarda a yi rajista da su ba.

Ranar duba gida kuwa, zai tarar da layi tun daga matakala, kowa rungume da fayil kamar masu neman aikin gwamnati. Idan Allah ya ci da shi ya samu, wani mamakin na jiransa a ciki. Gidajen haya da yawa babu kicin. Ɗakin yana nan, amma babu kabad, babu firji, sai bakin famfo a bango, domin wanda ya tashi ya kwashe nasa. A daga kai sama, waya ce ke reto inda fitila ya kamata ta kasance. Kuɗin haya ma iri biyu ne, akwai "mai sanyi", wato na ɗaki zalla, akwai "mai ɗumi" da ya haɗa da ɗumama gida da ruwa da shara. Wanda ya yi lissafi da na farko, ƙarshen wata zai ji a jikinsa.

Inda ake wahala, nan 'yan damfara ke kafa tarko. Za a nuna maka hoton gida mai kyau, kuɗi kaɗan. Mai gidan ya ce yana ƙasar waje, ka tura kuɗin ajiya zai aiko maka da makulli. Wanda ya tura, ya yi sallama da kuɗinsa. A riƙe wannan: kuɗin ajiya a dokar Jamus ba ya wuce hayar wata uku ta "mai sanyi", ana iya biyansa kashi uku, kuma babu dalilin biyan ko sisi kafin ka shiga gidan da ƙafarka, ka sa hannu a yarjejeniya.

Sai akwatin wasiƙa. A can ba da lambar ɗaki ake kai wasiƙa ba, da suna ne. Idan sunanka ba ya jikin akwati, takardarka ta koma inda ta fito, kuma Jamus ƙasa ce da har yau hukuma ke magana da mutum ta ambulan. Cikin na farko da za su iso akwai ta kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 kowane wata a kan kowane gida, ko kana kallo ko ba ka da talabijin ɗin ma. Ba'amurken da ya rubuta Katolika a fom ɗin rajista ba tare da tunanin komai ba, zai ga an fara cire masa harajin coci. Wanda kuma ya saba sauke finafinai ta manhajojin rabawa na sata, wasiƙar lauya za ta same shi da buƙatar ɗaruruwan Yuro. Takardar da ba ka gane ba, kada ka tura ta ƙarƙashin katifa. Wa'adi ne a cikinta, kuma yana tafiya ko ka karanta ko ba ka karanta ba.

Duk wannan, da rana tana fitowa da sauƙi. Balin ta fi kowane birnin Amurka kusa da ƙarshen arewacin duniya, in aka cire na Alaska. A watan Disamba gari ba ya wayewa sai bayan takwas, kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. A Yuni kuma hasken yini ya kusa awa 17, abin da mai azumi ya kamata ya sani tun yana gida. Cikin wannan duhun hunturu ne Ba'amurke ke gane cewa murmushin da ya saba yi wa kowa a hanya babu mai mayar masa. Maƙwabci ba zai tambayi lafiyarsa ba, amma zai ƙwanƙwasa ƙofa idan ya ji kiɗa bayan goma na dare, ko ya ga an zuba kwalba a kwandon takarda. Ba ƙiyayya ba ce, haka suke yi wa junansu. Amma in Ba'amurke ya ji kaɗaici, ina ga wanda ya taso inda gaisuwa kaɗai kan ci minti biyar?

Ga bambancin da mai yabo ba ya faɗa, watakila don bai ma lura da shi ba. Ba'amurke yana shiga Jamus ba biza, ya zauna kwana 90 cikin kowane 180, kuma yana cikin 'yan ƙasashe ƙalilan, irin su Kanada da Japan da Ostareliya, da aka yarda su nemi takardar zama bayan sun iso. Ɗan Najeriya ko Nijar ba shi da wannan gata. Bizar karatu ko ta aiki daga gida ake nemo ta, kuma bizar ziyara ba ta rikiɗewa ta zama ta aiki don kawai mutum ya sauka. Duk ejan ɗin da ya ce "kai dai ka shiga, sauran mai sauƙi ne", kuɗinka yake so. Ɗalibi kuma sai ya nuna abin da zai ci, yawanci ta asusun da ake kullewa: daga Satumban 2024 adadin ya kai Yuro 11,904 na shekara, ana sakar masa 992 a wata. Inshorar lafiya dole ce. Aikin da aka yarda ya yi ma a ƙidaye yake, cikakkun kwanaki 140 a shekara.

Shi ma Ba'amurken da nasa kayan a ka. Ƙasarsa tana bin ɗanta da lissafin haraji duk inda yake a duniya, dole ya cike mata takardu kowace shekara, kuma tun dokar harajin Amurka ta FATCA ta 2010 wasu bankunan Turai ke ɗari-ɗari da buɗe masa asusu. Wannan ba ya shiga labarin makon farko.

Bayan shekara guda, idan ya jure, za ka gan shi ran Asabar da yamma yana sauri da jaka biyu kafin a rufe kanti. Ya tsaya a jar fitila ko da babu mota ko ɗaya. Ya daina tafiya a kan layin masu keke. Idan ya shanye lemo, ba ya jefa gwangwanin a kwandon shara, domin santi 25 ne a kansa in an mayar. A gindin kwandon yake ajiye shi a hankali, yadda ya ga 'yan gari na yi, saboda wani tsoho mai ƙaramin fansho da ke zagayawa da buhu yana tara gwangwanaye kada sai ya zura hannu cikin datti.