Marayun Giwayen Pilanesberg

Tsakanin shekarar 1992 da 1997, ma'aikatan gandun dajin Pilanesberg da ke ƙasar Afirka ta Kudu sun tsinci gawarwakin karkanda fiye da 40. Ƙahonninsu na nan ba a cire ba, saboda haka ba aikin mafarauta ba ne. Raunukan da ke jikinsu na sukar haure ne. Da aka tsananta bincike sai aka gano cewa samarin giwaye ne ke wannan ta'asa, alhali kuwa giwa ba ta cin nama.

Waɗannan samari marayu ne. Daga 1967 zuwa 1994, hukumar gandun dajin Kruger ta riƙa rage yawan giwayenta ta hanyar harbe su garke-garke. Akan bar wasu ƙanana da rai a kai su wani gandun, domin a lokacin babu kayan ɗaukar babban toro. Irinsu aka kai Pilanesberg a farkon shekarun 1980, suka tashi ba su taɓa gogayya da babban namiji ba.

Toron giwa yakan shiga wani yanayi da ake kira "mast", kalmar da aka aro daga Indiya mai ma'anar maye. Sinadarin testosteron yakan ninka sau da yawa a jininsa, wani ruwa ya riƙa tsattsafowa tsakanin idonsa da kunnensa, fitsari na ɗiga, ga zafin rai da neman barbara. A bisa al'ada, ba ya daɗewa cikin wannan hali sai ya doshi shekara 30. Dalili kuwa shi ne, da zarar saurayi ya fara taɓa mast ya yi kiciɓis da toron da ya fi shi, sai alamomin su ɓace. Wato kasancewar babba a kusa kan danne mast ɗin saurayi. Marayun Pilanesberg ba su sami mai taka musu birki ba. Sun shiga mast tun kafin lokaci, suka daɗe a ciki, ƙarfi ya zo hankali bai zo ba, suka huce a kan karkanda.

A 1998 aka kawo manyan toraye 6 daga Kruger. Mast ɗin samarin ya ragu ƙwarai, kisan karkanda ya tsaya. Rob Slotow da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon a mujallar Nature a shekarar 2000.

Masu jawabi kan tarbiyya suna son wannan labari, amma sau da yawa sukan zarce gona da iri. Toron giwa ba ya renon ɗa. Uwa da 'yan uwanta mata ke yi, namiji kuma yakan bar garke in ya balaga. Har ila yau, torayen nan 6 ba a kawo su don su ne suka haifi samarin ba. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne tasirin babban namiji a kusa, ko da ba mahaifi ba ne.

A ɓangaren ɗan Adam, bincike da dama sun nuna cewa yaran da suka tashi ba uba sun fi fuskantar barin makaranta da matsalar ɗabi'a. Sai dai wannan matsakaicin lissafi ne, ba hukunci a kan kowane yaro ba. Rashin uba yakan zo tare da talauci da sauyin gida, kuma raba tasirin kowanne aiki ne mai wuya. Shi ya sa masu bincike kan tambayi ko akwai kaka, baffa, kawu ko malami a rayuwar yaron kafin su ɗora laifin a kan maraici.