Yoyon Baƙin Mai A Mota: A Duba Numfashin Injin Kafin A Sauke Giyabos

Duk wanda ya bi ta Tishigu da sassafe, ko ya leƙa tashar Aboabo a nan Tamale kafin motoci su fara lodi, zai ga baƙin tabo a ƙasa inda kusan kowace tsohuwar mota ta kwana. Direbobi da yawa sun ɗauki abin a matsayin tsufa kawai. Kullum da galan ɗin baƙin mai a but, ana ciko ana tafiya. In abin ya ishi mutum sai ya nufi wurin fita a Industrial Area, a canza gasket ɗin murfin injin, a shafe shi da gam. Bayan mako biyu yoyo ya ɓullo ta wani wurin. A canza sil ɗin gaba, na baya ya buɗe. Shi kuwa na baya, sai an sauke giyabos kafin hannu ya kai gare shi, aikin yini guda ke nan ga kuɗin masta, ga kuɗin da direban tasi zai kai wa mai mota da yamma bai samu ba.

Abin da muke so masu karatu su lura da shi shi ne, sau da yawa sil ba shi da laifi. Iska ce ta taru a cikin injin ta rasa hanyar fita.

Ga yadda abin yake. Duk lokacin da fetur ya kama wuta a saman fistin, wani ɗan kaso na hayaƙin yana sulalewa ta gefen rin ya gangara ƙasa, ɗakin da ƙarfen kuranki ke juyawa kuma baƙin mai ke kwance. Ko sabuwar mota tana yin haka, sai dai kaɗan ne. A da, wani bututu ake sawa ya zubar da hayaƙin a titi. Daga 1961 aka fara sa wa sababbin motoci a jihar Kalifoniya ta Amurka wani ɗan bawul da ake kira PCV, zuwa 1963 kuma ya game yawancin motocin ƙasar. Aikinsa shi ne ya bar injin ya zuƙe wannan hayaƙi ta tiyo ya sake ƙona shi. In yana aiki daidai, cikin injin yakan kasance da 'yar zuƙa, wadda ke taimaka wa sil ya riƙe mai. In ya toshe, iskar sai ta nemi wuri mafi rauni ta tura mai waje: gasket, sil, har ma ta ɗaga sandar gejin mai daga mazauninta.

A Tamale kuwa abubuwan da ke toshe shi ba su da wuyar samu. Yawancin motocinmu sun gama aiki a Turai ko Amurka ko Koriya kafin su sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema. Ga zafin Maris da Afrilu da ke kai digiri 40, ga tsaye-tsaye a cikin gari, ga jinkirin juye. Mai da ya daɗe yakan zama kamar kwalta, ya daskare a cikin bawul da tiyo. Tiyon roba kuma zafi na busar da shi ya tsage, ko ya yi laushi ya manne.

Binciken ba ya cin kuɗi. A galibin motocin fetur bawul ɗin yana saman murfin injin. A cire shi a girgiza. Irin na ƙarfe mai lafiya yakan yi ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. In shiru, ya cushe. A tada mota, a sa yatsa a bakinsa, ya kamata a ji yana ja. A buɗe gidan matatar iska, in an ga mai a ciki, alama ce ta cewa hayaƙin yana komowa da baya. Wasu motocin Turai, irin su Opel da Volkswagen na baya-bayan nan, wata 'yar faifan roba ce a cikin murfin maimakon bawul, kuma in ta yage sai a ji fito, injin na rawa in yana tsaye. Kayan duk ƙanana ne. Wanda ba a samu a Tamale ba ana aiko shi daga Suame Magazine a Kumasi ko Abossey Okai a Akra.

To, amma in numfashi a buɗe yake, sannan aka cire murfin zuba mai aka ga hayaƙi na bugowa kamar tukunyar tuwo, magana ta koma kan rin da silinda. A nan ƙurar hunturu ce babbar mai laifi. Matatar iska da ta yage, ko wadda aka yi ta bugawa a jikin taya ana mayarwa, tana barin ƙura ta shiga ta goge bangon silinda kamar sanfefa. Wanda ke bin hanyoyin ƙauyuka na jar ƙasa ya fi kowa sanin wannan. Sai a auna matsin kowace silinda da geji. In wata ta yi ƙasa, a ɗiga mata mai kaɗan ta ramin fulogi a sake aunawa. In matsin ya tashi, rin ne ya ci. Wannan injin sai an buɗe shi, babu gam ɗin da zai yi magani.

Akwai dabarar da muke gani a garejoji wadda ba mu goyon bayanta, wato a zare tiyon a bar shi yana lilo a ƙasa. Yoyo kan ragu, gaskiya ne, mai mota ya tafi yana sa wa masta albarka. Amma an buɗe wa ƙura ƙofa zuwa cikin mai, hayaƙin kuma yana shiga wurin fasinja. Haka nan zuba mai mafi kauri don ɓoye matsalar, ba ya magance ta.

Masu manyan motocin dizal da ke jigila zuwa Bolgatanga da Yendi da Kumasi, nasu ya fi haɗari. Injin dizal yana iya cin baƙin mansa a matsayin makamashi. In mai ya yi yawa a hanyar iska, injin kan ɗauki gudu da kansa, a kashe makulli ya ƙi mutuwa, sai an toshe masa iska ko an danne shi da babban giya. Ko a ƙaramar mota, man da ya jiƙa bel ɗin taimin yana ruɓar da shi, wanda ya taɓa kuloci ya sa shi santsi, wanda ya ɗiga a kan salansa mai zafi kuma yana iya tada gobara.

Sai batun ciko. Direban da ya saba da yoyo yakan zuba fiye da kima don ya huta. In mai ya wuce layin sama na geji, kuranki ne zai riƙa kaɗa shi ya yi kumfa, yoyon ya ƙaru. A auna a wuri mai daidai, bayan injin ya huta na 'yan mintuna, a tsaya tsakanin layuka biyun.