Rini, Shafe da Gini: Bayani a Kan Adon Farce

Duk wanda ya leƙa gidan biki a biranenmu ran da ake yi wa amarya ƙunshi, zai tarar ƙwaryar lalle, wadda a da ita kaɗai ke da sarautar wannan rana, yanzu ta sami kishiyoyi: ga 'yan kwalabe a jere, ja da fari da ruwan hoda, ga wata ƙaramar fitila mai shuɗin haske da ake cusa hannu a cikinta, ga kuma farata na roba, dogaye da gajeru, an zube su a faranti. Galibin mata, da mazan da ke biyan kuɗin, sukan tara waɗannan abubuwa su yi musu kuɗin goro da sunan jan farce ko sa farce, alhali kuwa akwai bambanci mai nisa tsakaninsu ta fuskar asali, da ƙarko, da illa, har da hukuncin tsarki. Mai son ya gane al'amarin cikin sauƙi sai ya tuna da sana'o'i uku da kowane Bahaushe ya sani, wato rini da shafe da gini, gama duk adon da ake yi wa farce, kome baƙuntar sunansa, ba ya fita daga ɗayan ukun nan.

Shi farce Allah ya halicce shi daga wani abu da masana ke kira keratin, wanda daga gare shi ne gashin kai da ƙahon sa da kofaton doki suke. Ɓangaren da muke gani ba shi da rai, shi ya sa yanke shi ba ya zafi. Mai ran yana ɓoye a gindi, ƙarƙashin fata, kuma daga can ne sabo ke turo tsoho. Na hannu yakan ƙaru da misalin milimita 3 a wata, ya ɗauki wata huɗu zuwa shida kafin ya sabunta ɗungum, na ƙafa kuwa yakan kai shekara ko fiye. Ma'anar wannan ita ce farcen da aka kankare ko aka raunana ba ya warkewa yadda fata ke warkewa, sai dai a yi haƙuri da shi har ya fice.

Lalle shi ne rini. A cikin ganyensa akwai wani sinadari mai suna lawson, wanda ke ratsa keratin ya kama shi, kamar yadda baba ke ratsa zaren zane a marinar Ƙofar Mata, ta yadda in aka kwance ƙunshi aka wanke hannu, babu abin da ya saura a kan farcen face launi. Ba a kankare shi, ba a goge shi, sai dai sannu a hankali a ga farin farce yana ɓullowa daga gindi kamar jinjirin wata, yana korar jan zuwa baki. Abin lura kawai shi ne baƙin lallen nan na zamani, wanda sau da yawa ake haɗa shi da rinin gashi mai ɗauke da sinadarin PPD, domin shi kam yakan ƙona fatar waɗansu ya bar musu tabo a siffar zanen da aka yi.

Jan farce na kwalaba kuwa shafe ne, kuma danginsa na kusa shi ne fentin mota. A ƙasar Amurka kamfanin Cutex ya fitar da na ruwa a 1917, sunansa kuma ya bi duniya, har yau ma mutane da yawa a Najeriya suna kiran kowane jan farce da shi, kamar yadda ake kiran kowane garin sabulu Omo. A 1932 Charles Revson da ɗan'uwansa Joseph da wani mai suna Charles Lachman suka kafa Revlon, suka yi fice da irin wanda ke rufe farce ruf, ba a hango abin da ke ƙarƙashinsa. Jigon haɗin shi ne naitiroselulos, wato auduga da aka sarrafa da asid, a narkar da ita cikin wani ruwa mai saurin bin iska, a zuba launi da ƙaro da abin da zai hana ta tsagewa. Warin da ke cika ɗaki in an buɗe kwalaba, ruwan nan ne ke tashi, in ya gama tashi kuma sai ya bar wata siririyar fata manne da farce.

Gwanayen sana'ar ba su yarda da shafi ɗaya ba, hawa uku suke yi, kowane hawa da hikimarsa. Na fari shi ne shafin ƙasa, marar launi, wanda aka yawaita masa ƙaro domin ya kama farce ta ƙasa ya kama launi ta sama, ya cike 'yan kwaruruwan da ke jikin farcen, ya kuma tsare shi daga rinewa, gama ja mai duhu in ya daɗe a kan farce tsirara yakan bar shi rawaya. Na biyu shi ne launin kansa, wanda ƙa'idarsa a shafa shi sau biyu siriri siriri, domin mai kauri samansa ke bushewa cikinsa na ɗanye. Na uku shi ne shafin sama, mai tauri da sheƙi, wanda matsayinsa matsayin makuba ne a jikin soro, shi ke karɓar ruwa da gogayya a madadin abin da ke ƙarƙashinsa. Da yake na ƙasa da na sama duka kamar ruwa suke a ido, mata da yawa sukan musanya su, sai sakamakon ya tona asiri, na sama in aka sa shi a ƙasa ya ɓare da wuri, na ƙasa in aka sa shi a sama ya dushe ya kwashi ƙura. Ko da an cika sharuɗɗan duka, macen da ke wanki da wanke-wanke da wuya nata ya cika mako bai fara ɓantalewa ba.

Wannan gajeren kwana ne ya buɗe wa jel kasuwa, musamman tun daga 2010 da kamfanin CND ya fitar da nasa mai suna Shellac. A zahiri shi ma shafe ne mai hawa uku, amma a baɗini ɗabi'arsa daban ce, domin iska ba ta busar da shi ko da zai wuni a buɗe. Sai an sa hannu cikin fitilar nan mai haske irin ɓoyayyen hasken rana da ke ƙona fata, daƙiƙa 30 zuwa 60 ga kowane shafi a fitilun zamani, sa'an nan ƙwayoyinsa su sarƙe da juna su zama roba mai tauri. Ɗumin da ake ji a yatsu a lokacin alamar wannan sarƙewa ce. Yakan yi mako biyu zuwa uku yana ƙyalli. Aibinsa yana ga wanda bai gasu sosai ba, ko don fitilar ta yi rauni, ko don wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ko don an yi gaggawa, gama ɗanyen jel in ya riƙa taɓa fata shi ke jawo borin jini. Tun daga 1 ga Satumba 2025 kuma Tarayyar Turai ta hana amfani da wani sinadari mai suna TPO da ke cikin jel da yawa.

Gini shi ne inda ake ƙara wa farce abin da ba shi da shi na tsawo da kauri, sarkin wannan fage kuma shi ne akirilik. Asalinsa daga ɗakin likitan haƙori ne, domin a shekarun 1950 wani likita a Filadelfiya mai suna Fred Slack ya ji wa farcensa rauni a wurin aiki, ya ɗebi abin da yake gyaran haƙora da shi ya yi masa faci, daga nan sana'a ta tsiro. Mai aikin takan tsoma ɗan burushi cikin wani ruwa, ta dangwali gari, su dunƙule su zama ɗan curi mai laushi, ta ɗora a kan farce ta baje shi bisa ƙarin roba ko takardar da aka naɗa a bakin yatsa, cikin 'yan mintoci ya daskare ba tare da fitila ba, sa'an nan ta bi shi da magogi ta fitar masa da siffa. Da yake farcen gaskiya bai fasa tsirowa ba, bayan mako biyu ko uku sai giɓi ya bayyana a gindi, tilas a koma a cike, a sake biya. Ruwan tsoma burushin da aka amince da shi sunansa EMA. Akwai wani mai araha, MMA, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tashi a kansa tun farkon shekarun 1970, saboda taurinsa ya wuce kima, har in hannu ya bugi wani abu, maimakon ginin ya karye sai ya ɗaye farcen gaskiya daga nama. Alamarsa wari mai hawa kai da farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa, Hausawa kuwa sun riga sun ce araha ba ta ado.

Akwai ƙanne biyu a wannan gida. Ɗaya shi ne na tsomawa, inda ake shafa wa farce gam irin mai kamun nan take, a tsoma yatsa cikin garin akirilik mai launi, a maimaita har ya yi kauri. Illarsa ita ce kwalaba ɗaya da yatsun mutane da yawa ke shiga. Ɗayan shi ne farcen kanti na roba, wanda ake saye a kwali a manna da gam, ya yi kwanaki, a cire. Shi ya fi araha, kuma shi ya fi sauƙin rabuwa da mai shi.

Rabuwar nan kuwa ita ce ma'aunin da ya kamata a auna kowannensu da shi, domin tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma sai ya yi dubu bai fito ba. Jan farce na kwalaba, auduga da ɗan ruwan gogewa sun ishe shi cikin minti guda. Jel sai an karce samansa, an naɗe yatsu da auduga mai ruwan gogewa na asiton minti 10 zuwa 15, akirilik ya fi haka daɗewa, akwai ma wani jel mai tauri da asiton ba ya cinsa, sai magogi. Mafi yawan ɓarnar da ake ɗora wa waɗannan abubuwa a nan take faruwa, ko dai wajen kankare farce kafin a ɗora, ko wajen ɓamɓarewa da haƙori ko da tsinke in haƙuri ya ƙare, gama kowane ɓamɓare yana tafiya da wani sashe na farcen gaskiya, ya bar shi siriri kamar ɓawon albasa, mai shi kuma ta yi watanni tana jiran sabo.

Ta fuskar lafiya, in ginin ya ɗaga kaɗan ruwa ya shige ya kwanta, wata ƙwayar cuta mai son laima takan yi gida a wurin ta mai da farce kore. A 2018 ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan yawaitar borin jini daga sinadaran jel da akirilik, abin tsoron kuma shi ne wanda jikinsa ya ƙi su sau ɗaya ya ƙi su ke nan, alhali danginsu ake amfani da su wajen cikon haƙori da dashen gaɓa. A wani asibiti a birnin Oklahoma, tsakanin 1997 da 1998, jarirai 46 suka kamu da ƙwayar cutar nan mai son laima, 16 suka rasu, bincike kuma ya danganta yaɗuwarta da ma'aikatan jinya biyu masu dogayen farata, ɗaya nata na halitta, ɗaya na sawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin ƙa'idojin tsabtar hannu da ta fitar a 2009, ta ce masu taɓa majinyata kada su sa farcen sawa. Uwa mai jego da mai tuƙa wa jama'a tuwo suna da rabo a wannan darasi.

Saura mas'alar tsarki, wadda ga Musulma ita ce gaba da kome. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi a zaure ya san wanke hannaye zuwa gwiwar hannu farilla ne a alwala, da cuɗawa a mazhabar Malikiyya, farce kuma yana cikin hannu, saboda haka duk abin da ke da jiki wanda zai shamakance ruwa, malamai suna kiransa ha'ili, wurin da ya rufe kuma ya zama lam'a. Rini ba shi da jiki, don haka ba a yi saɓani a kan launin lalle ba. Shafe da gini kuwa jiki ne ƙarara. Wadda ta shafa bayan ta yi alwala, sallarta ta inganta muddin alwalar ba ta warware ba, in ta warware sai ta goge. Masu shafawa a kwanakin al'ada ko na biƙi su tuna cewa wankan tsarki yana jiransu, kuma ginin da ake so ya yi mako uku ya fi kwanakin hutun salla na al'ada tsawo. Wajen 2013 wani jan farce na kamfanin Inglot na ƙasar Folan ya yi suna da cewa iska da tururi suna ratsa shi, amma malamai da yawa sun tsaya a kan cewa ratsawar tururi daban, wankewa da ruwa daban. A gefe guda kuma, yanke farce yana cikin sunnonin fiɗira, an kuma iyakance barinsa da kwana arba'in.

Saboda haka, 'yar'uwa, in kin zauna gaban mai kwalabe ta tambaye ki wane launi kike so, ki riga ta da taki tambayar, ki ce wannan rini ne, ko shafe, ko gini, kuma ran da na gaji da shi, da me za a cire mini, cikin minti nawa, nawa zan biya? In amsarta ta dace da sallarki da aikinki da aljihunki, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. In kuwa ta fara inda-inda, ƙwaryar lalle tana nan a gefe, kakanninki sun gwada ta ba su yi da-na-sani ba.