'Yan Mormon da saɓaninsu: wace magana ce nassi?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ɗalibanmu na Zangon Lome suna yawan tambaya game da samarin nan masu farar riga, da suna maƙale a ƙirji, da ke yawo bibbiyu suna wa'azi. 'Yan Mormon ne. Joseph Smith ya kafa cocinsu a Amurka a 1830, kuma suna da babban ɗakin ibada a Accra tun 2004.

Littattafai huɗu suke riƙe da su: Baibul, Littafin Mormon, Aƙida da Alkawura, da Lu'ulu'u Mai Tsada. Sun yi imani cewa ƙofar wahayi ba ta rufe ba, shugaban cocinsu kuwa annabi ne a wurinsu. Daga nan saɓani ya samo asali.

Wasu suna ganin duk abin da shugabanni suka faɗa a babban taronsu na Afrilu da Oktoba nassi ne. Wasu suka ce a'a, sai an gabatar da magana ga taro, jama'a sun ɗaga hannu sun amince, an shigar da ita littafi. Misali, sanarwarsu ta 1995 a kan iyali: ana rataye ta a gidaje, ana kafa hujja da ita, amma ba ta cikin littattafan huɗu.

Wannan ba gardamar fatar baki ba ce. Tun zamanin Brigham Young, magajin Smith, aka hana baƙar fata limanci a cocin. Sai a 1978 shugabansu Spencer Kimball ya ce wahayi ya zo da ɗage hanin. A 2013 cocin ya nesanta kansa daga dalilan da shugabannin baya suka riƙa bayarwa. Mabiyi ɗan Afirka yana da damar tambaya: waccan koyarwa nassi ce ko ra'ayin mutum? Haka a 1890, da aka sanar da dakatar da auren mace fiye da ɗaya, wasu ba su yarda ba, daga baya suka ɓalle. A 1921 kuma aka cire wasu darussan imani daga littafin Aƙida da Alkawura, bayan sun shekara sama da 80 a cikinsa.

Ya 'yan'uwa, a wurinmu wahayi ya yanke da wafatin Annabi (SAW). Alƙur'ani an tattara shi zamanin Sayyidina Abubakar, an haɗa al'umma a kan mushafi ɗaya zamanin Sayyidina Usmanu. Amma kada mu saki jiki. A cikinmu akwai 'yan Kala-kato da suka yi watsi da hadisi, akwai kuma masu ɗaukar fatawar malaminsu kamar aya. Ɗalibi ya san matakai: Alƙur'ani, ingantacciyar Sunna, ijma'i, ƙiyasi. Maganar malami ana neman mata hujja, ba a mai da ita hujja.

In waɗannan samari sun yi mana sallama, mu amsa da mutunci, mu yi magana da ilimi, ban da zagi. Allah ne Mafi sani. Allah Ya tabbatar da mu a kan gaskiya, amin.