Makarantun Midil na Arewa da Ma'aunin Kwatanta Su

Kwatanta makarantu al'ada ce daɗaɗɗiya, amma sau da yawa ma'auni ɗaya ake ɗauka, watau sakamakon jarrabawa. Tarihin makarantun Midil na Nijeriya ta Arewa ya isa ya nuna ƙarancin wannan ma'auni.

An kafa makarantun Midil wajen 1930 a manyan garuruwan larduna, kamar su Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya, Bauci, Yola, Bida da Ilori. En'e ce ke ɗaukar nauyinsu, kuma makarantun kwana ne na yara maza zalla. Yaro yakan shiga bayan ya gama elementare, inda aka koyar da shi da Hausa ko wani harshen ƙasa, sa'an nan a Midil ya tsunduma cikin Turanci. Babban abin da ake auna darajar kowace Midil da shi shi ne yawan yaran da ta tura Kwalejin Katsina, wadda aka mayar Kaduna a 1938, daga bisani Zariya a 1949. Ta wannan hanya Malam Aminu Kano ya fito daga Midil ta Kano, Alhaji Shehu Shagari kuma daga ta Sakkwato.

To, amma yawan waɗanda suka ci jarrabawa ba ya bayyana irin yaran da aka ɗiba tun farko. Lardin da ke da elementare da yawa yana da damar tankaɗe da rairaya, ya zaɓi haziƙai. Wanda ke da kaɗan kuwa sai ya karɓi abin da ya samu. Haka kuma 'ya'yan sarakuna da na ma'aikatan En'e sun fi samun shiga, alhali talakawa da yawa suna ɓoye 'ya'yansu don ƙyamar boko. A lardunan Kabba da Binuwai kuma makarantun mishan sun yawaita, abin da aka taƙaita a ƙasashen sarakunan Musulmi. Saboda haka kwatanta lardi da lardi a kan sakamako kaɗai tamkar auna gero da dawa ne a mudu ɗaya a ce farashinsu ɗaya.

Wannan matsala ba ta Arewa ba ce kawai. A Amurka, rahoton James Coleman na 1966, wanda ya shafi ɗalibai fiye da 600,000, ya nuna cewa halin gidan da yaro ya fito, da irin abokan karatunsa, sun fi gine-gine da kayan makaranta tasiri a kan sakamakonsa.

An mayar da makarantun Midil sakandaren larduna a shekarun 1950. Ta Kano ita ce Kwalejin Rumfa, ta Zariya kuma Alhudahuda. Amma darasin yana nan ga ƙananan sakandare na gwamnati. Kafin a yaba wa makaranta ko a kushe ta, wajibi ne a tambaya: su wane ne ɗalibanta, mata nawa ne, da wane ilmi suka shigo, kuma da wane suka fita? Ratar da ke tsakanin shiga da fita ita ce ainihin aikin malami. In an bar wannan, makarantar da ta fi wahala ita za ta fi shan zargi, kuma ita za a fi mantawa da ita wajen rabon malamai da littattafai.